Hanyar Tawa zuwa Arlit: Jawabi a Wajen Bikin Cikar Sarauta Shekara Ɗari

 

An umarce ni in yi magana a kan hanyar da da yawa daga cikinku suka biyo zuwa wannan taro, wato hanyar ƙasa mai lamba 25, wadda aka fi sani da hanyar yuraniyom.

Kakanninmu ba ta Tawa suka fi bi ba. Ayarin Abzin daga Agadas yakan miƙe kudu ne, ya ratsa Damargu, ya sauka Damagaram da Kano da gishirin Bilma da dabino. Abin da ya karkata hanya zuwa yamma yana ƙarƙashin ƙasa. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971, sa'an nan Cominak ya biyo baya a Akokan a 1978. Kayan nan tashar ruwa ta Kotono suke nufa, saboda haka a zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1976 zuwa wajen 1980, aka shimfiɗa kwalta fiye da kilomita 600 daga Tawa, ta Abalak da Agadas, har Arlit. Kamfanonin ma'adinai ne suka ɗauki nauyin kuɗin.

Don ganguna aka yi ta, amma talaka ya ci moriyarta. Ta nan hatsi da albasar Adar suke hawa arewa, ta nan albasa da lemon lambunan Abzin suke gangarawa kudu. Ta nan ƴaƴan Gobir da Arewa da Damagaram suka zo neman aiki, suka yi aure, suka haifi Arlit ɗin da muke gani. Masu tafiya Aljeriya ta Asamaka su ma nan suke bi.

Ranku ya daɗe, ba a ɓoye wa likita ciwo. Manyan motoci da iska da rashin gyara sun cinye kwaltar, har direbobi suka riƙa sauka suna bin rairayi a gefenta. Wanda ya taɓa raka mai naƙuda daga Arlit zuwa asibitin Agadas ya san tsawon kilomita 240. A yarjejeniyar 2014 kamfanin Areva ya yi alkawarin yuro miliyan 90 don gyaran hanyar, jama'a kuwa suka daɗe suna jira.

Cominak ya rufe ranar 31 ga Maris 2021. An rufe iyakar Benin a 2023, a 2025 kuma gwamnati ta karɓi Somaïr a hannunta. Ke nan masu dalilin gina hanyar sun ragu, masu bukatarta kuwa suna nan: ɗalibai, marasa lafiya, makiyaya da ƴan kasuwa. Roƙona ga iyayenmu sarakuna na Tawa da Abalak da Agadas da Arlit shi ne su haɗa baki su kai maganar gyaranta Yamai da murya ɗaya, a kuma ware kuɗin kula da ita kowace shekara.