KAFIN A HAƘA HARSASHI: JAWABI KAN IZNIN GINI A AZARE DA ƘASAR KATAGUM



Tun daga shekarar 1916, lokacin da aka ɗauke hedkwatar masarautar Katagum daga tsohon garin Katagum aka mai da ita Azare, garin nan yake ta bunƙasa. Inda dā ake noman gero da gyaɗa, yau fulotai ne da gidajen siminti. Saboda haka ya wajaba kowane mai niyyar gini ya san abu guda: takardar fili daban, iznin gini daban.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. A wuraren da aka ayyana birane, Gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka. A karkara kuwa, Ƙaramar Hukuma ce ke ba da haƙƙin zama bisa al'ada. Amma fa wannan takarda tana nuna mai fili ne kurum, ba ta faɗi irin ginin da za a ɗora a kansa ba. Haka nan takardar ciniki da mai unguwa ya shaida ba ta zama izni ba.

Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ita ce ta shimfiɗa ƙa'idar cewa ba a fara gini sai da amincewar sashen kula da gine-gine. A shekarar 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara gari haƙƙin jihohi ne. Don haka a Jihar Bauchi akwai Hukumar Raya Birane mai lura da ginin cikin gari. Ƙaramar Hukuma kuma, bisa Tsarin Mulki na 1999, ita ke da alhakin hanyoyin unguwa, da magudanan ruwa, da raɗa wa tituna suna, da ba gidaje lamba.

To, yaya ake neman iznin? Da fari, mai gini zai kai takardar filinsa da taswirar safiyo mai nuna iyakoki. Na biyu, zai haɗa da zanen gidan daga hannun mai zane mai rajista. Idan bene ne, lalle sai da lissafin injiniya, watau kaurin rodi, da faɗin ginshiƙi, da zurfin harsashi. Na uku, zai biya kuɗin da aka ƙayyade, ya karɓi rasit na hukuma. Daga nan ma'aikata su je su ga filin da idonsu. In babu matsala, sai a buga hatimi a kan zanen. Dokar 1992 ta ba hukuma wata 3 ta ba da amsa, ta kuma sa iznin ya yi shekara 2 yana aiki.

Abubuwan da ake dubawa ba ɓoyayyu ba ne. Ana duba ko ginin ya ci hanya, ko ya toshe lambatu, ko ya shiga ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Ana duba tazarar da aka bari tsakaninsa da titi da maƙwabci, da tagogin shan iska, da nisan masai daga rijiya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai a ƙasa mai rairayi irin ta Azare, inda ƙazanta ke saurin tsatstsafowa cikin ruwan sha.

Samun hatimi ba shi ne ƙarshen magana ba. Ana sa ido a kan aikin tun daga harsashi har rufi, kamar yadda Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006 ya tanada. Wanda aka amince masa da gidan ƙasa, ya wayi gari ya aza bene, ya saɓa wa izninsa. Hukuma na da ikon shafa jan fenti a bango, ta tsai da aiki, ta nemi a gyara, in an ƙi kuma ta rushe.

Wani zai ce duk wannan wahala ce da ɓata kuɗi. Sai ya tuna da daminar 2024, sa'ad da ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. Ruwan da ya iya cin kwalta, katangar bulo ba za ta gagare shi ba. Mutum ɗaya ya gina a kan hanyar ruwa, unguwa guda ce za ta kwana a tsaye.

Wannan tsari kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin tubali da azara akwai Sarkin Magina mai tsawata wa magina, daga baya kuma duba-gari ya zo yana kewaya gidaje.

Saboda haka ana roƙon jama'a su je ofis da kansu, su guji 'yan kamasho, kada su ba kowa ko kwabo ba rasit. A ajiye zanen mai hatimi a wurin aiki. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gyara a kan takarda fensir yake ci, gyara bayan rufi kuwa gida yake ci.

Allah ya ba mu zama lafiya, amin.