Tallar Waya: Riba Ake Nema, Ba Tafi Ba



Duk wanda ya ratsa kasuwar Television da tashar motarta a kudancin birnin Kaduna, zai tarar da 'yan kasuwar da shagonsu ya koma cikin waya. Mai atamfa, mai takalma, mai turare, kowa na biyan Facebook da Instagram kuɗin talla. Makon farko ciniki ya buɗe, kafin wata ya zagayo kasuwa ta yi sanyi.

Me ke jawo haka? Idan mutane suka ga hoto ɗaya sau goma, ido yakan gaji, sai kuɗin samun mai saye ɗaya ya hau. Ga harajin kashi 7.5 cikin ɗari da kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ke ƙarawa kan talla tun Janairun 2022, ga tsadar kai kaya tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023.

Don haka ɗan kasuwa, riƙe littafi. Nawa ka kashe, mutum nawa suka saya, nawa ya rage bayan ka sallami ɗan aike? Yawan masu yaba hoto ba ya cika aljihu. Taƙaita tallarka ga inda kayanka ke isa cikin sauƙi, irin su Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha. Sauya hoto da kalamai kafin a gundura, ka dakatar da tallar da ba ta mayar da kuɗinta.

Uwa uba, kula da wanda ya taɓa saye. Tuntuɓe shi ta WhatsApp, ka cika masa alkawari, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.