Maɓallan da suka rage mini wahala a taminal

Hirarmu ta yau ta masu aiki da Linux ce, masu rubuta umarni a baƙin allon nan da ake kira taminal.

Lokacin ina sabon shiga, wata rana na rubuta dogon umarni, sai na ga na manta kalma ɗaya tun a farkon layi. Na danne kibiyar hagu ina ta jira, ogana yana tsaye a kaina. Sai ya ce, "Malam, danna Ctrl da A mana." Ina dannawa sai ga ni a farkon layi. Wallahi kunya ta kama ni.

To ku riƙe waɗannan. Ctrl da A yana kai ka farkon layi, Ctrl da E ya mayar da kai ƙarshe. Ctrl da W yana goge kalma ɗaya ta baya. Ctrl da U yana share komai daga inda kake har farkon layi, in kuma ka yi da-na-sani, Ctrl da Y zai dawo maka da abin da ka goge. Sai maɓallin Tab: rubuta haruffan farko na sunan fayil ka danna shi, zai ƙarasa maka. Wannan ma ya fi sauri muhimmanci, don sunan da kwamfuta ta ƙarasa ba ya zuwa da kuskuren rubutu.

Ba sababbin abubuwa ba ne fa. Bash, wanda Brian Fox ya rubuta, ya fito tun 1989, kuma yawancin maɓallan nan daga manhajar Emacs aka ɗauko su.

Wanda na fi so shi ne Ctrl da R. Kana danna shi ka rubuta ɗan guntun kalma, zai lalubo maka tsohon umarnin da ka taɓa bayarwa. Amma nan ne na taɓa ƙonewa. Na nemo wani tsohon umarnin rm, na buga Enter ban karanta ba, alhali ina cikin wata folda daban. Aikin kwana biyu ya tafi, kuma rm ba ya ajiye komai a kwandon shara. Tun daga ranar, in Ctrl da R ya kawo mini layi, sai na danna kibiyar dama ya tsaya, na karanta shi tukuna. In ba shi nake nema ba, Ctrl da C, a sake lale.

Shawarata, kada ku ce za ku haddace su duka yau. Ɗauki biyu, ka yi mako guda kana amfani da su har yatsunka su saba, sannan ka ƙara. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.