Ashe Ana Iya Koya wa Ƙwaƙwalwa Natsuwa?



Mu da muka fito daga Magami ba sai an fassara mana fargaba ba. Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Ɗansadau tun da 'yan bindiga suka addabe ta, ya san ta. Abin takaici, takan biyo mu har makaranta, ta hana mu barci, ta kwashe abin da muka haddace.

A shekarar 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Ya gano wani kaɗawa da ya sa wa suna alfa, sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, wanda kan ƙarfafa idan mutum ya rufe ido ya natsu. A shekarun 1960 kuma Joe Kamiya, a Amurka, ya liƙa wa mutane wayoyi a ka, na'ura tana yin ƙara duk sa'ad da alfa ya bayyana. Sannu a hankali suka koyi kawo shi da kansu.

Amma fa kada mu ruɗu. A wani gwaji kan masu rashin barci, horon bogi ya kawo sauƙi daidai da na gaskiya. Sa'an nan ina mutumin Magami zai ga wannan na'ura? Abin da ke hannunmu shi ne numfashi: a ja a hankali, a saki a hankali, kamar sau 6 a minti, sai jiki ya lafa. Wanda kuwa mafarkin hari ya hana shi sakat, ya daure ya nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, a Jihar Sakkwato.