Jirgin Serpens da 'Yan Dakon Yaƙi: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya



Idan ana labarin Yaƙin Duniya na Biyu, manyan jiragen yaƙi masu igwa ake ambata. Ni kuwa yau na zo muku da tarihin wani jirgin dakon kaya na sojan ruwan Amurka, USS Serpens.

An ƙera shi a Kalifoniya a 1943. Yana cikin jiragen da ake kira Liberty, waɗanda Amurka ta ƙera guda 2,710 cikin gaggawa saboda yaƙi. An fara aikinsa a watan Maris, aka tura shi ruwa a Afrilu, a ƙarshen Mayu ya kama aiki. Ma'aikatansa duk daga rundunar tsaron gaɓar teku aka ɗebo su.

Daga nan ya nufi kudancin tekun Fasifik, inda ake gwabzawa da Japan. Fiye da shekara ɗaya da rabi yana kai da komowa tsakanin Niyu Zilan, Niyu Kaledoniya da tsibiran Solomon, har Bougainville, ɗauke da kayan da sojoji ke jira. Ba shi da gudu, ba shi da suna, amma da irinsa dakaru suke samun abinci da harsashi.

Daren 29 ga Janairu, 1945, yana tsaye a Lunga, gaɓar tsibirin Guadalcanal, ana loda masa bama-baman da ake farautar jiragen ƙarƙashin teku da su. Kwatsam sai ya tarwatse. Da hayaƙi ya lafa, goshin jirgin kaɗai ya rage, shi ma ya nutse. Mutum 250 suka rasu: ma'aikatan jirgin 193, sojojin ƙasa masu lodi 56, da likita ɗaya. Biyu kacal suka tsira daga cikinsa. Kyaftin ɗin da wasu mutum bakwai suna tudu a lokacin, kwanansu na gaba. Rundunar ba ta taɓa yin asarar rayuka a tashi ɗaya kamar wannan ba.

Da farko an ɗauka harin Japan ne. A 1949 sojan ruwa suka ce ba aikin abokan gaba ba ne. A shekarar ce aka kwaso gawawwakin aka binne su wuri ɗaya a maƙabartar Arlington, kusa da Washinton, daga baya aka kafa dutse ɗauke da sunayensu.

'Yan'uwa, a wannan watan na Janairu ne kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka ƙwace Myohaung a Bama daga hannun Japan. Da yawansu su ma dako suka yi, kaya a ka, cikin kurmi. Mutanen Serpens an sassaƙa sunayensu a dutse. Namu fa? Wa ya rubuta na garinmu?

Roƙona biyu ne. Wanda hanya ta bi da shi Arlington, ya nemi sashe na 34 ya tsaya. Na gida kuma ku zauna da tsofaffi, ku rubuto mana sunan duk wanda ya je Bama daga gidanku, mu buga a wannan mujalla tun masu tunawa suna raye.

Allah Ya jiƙan magabatanmu.