Gajiyar Namiji da Hutun da Allah Ke Bayarwa

A yawancin ikilisiyoyinmu akwai Zumuntar Maza, amma da wuya ka ji magidanci ya miƙe a taron ya ce ya gaji. Kuɗin makaranta, haya, rashin lafiyar iyali, duk ya haɗiye, don an ce namiji ba ya kuka.

To, ku dubi annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 18 da 19. Shi kaɗai ya tunkari annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, ya yi nasara. Saƙon barazana ɗaya daga sarauniya Yezebel ya sa ya arce zuwa Biyersheba, ya shige jeji, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai fara da faɗa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, har sau biyu. A ganina wannan wurin ne masu wa'azi suka fi tsallakewa, alhali magidanta da yawa barcin ma ya ƙaurace musu.

Da ƙarfin abincin nan Iliya ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb. A can Allah ya nuna masa hanyar da zai bi, ya sanar da shi akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su rusuna wa Ba'al ba, ya kuma aike shi ya naɗa Elisha magajinsa, wanda ya bar garma ya bi shi yana yi masa hidima.