Ruwan da Ya Daina Janyewa: Dausayin Haɗeja-Nguru da Haƙƙin Mutanen Ƙasa

 

An nemi in yi magana a kan tushen ilimin muhalli da ladubban kiyaye shi. Take ne mai faɗi, in aka biye masa sai mu kwana a nan. Shi ya sa na ga ya fi in ɗauki wuri guda wanda da yawanku kun sani, wasunku ma can aka yanke musu cibiya, mu bi shi daki-daki: dausayin Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe.

Mu fara da ruwan. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Na Jama'are kuwa daga tsaunukan Filato yake gangarowa. Da sun wuce Haɗeja sai su tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsoffin tuddan yashi, wadda kusan ba ta da gangare, sai ruwan ya rasa gaggawa. Ya rarrabu, ya shiga hanyar Marma, ya shiga ta Burum Gana, ya malale fadamu a watannin Agusta da Satumba. Abin da ya rage shi ne ke taruwa ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya raba Najeriya da jihar Difa ta Nijar, ya faɗa Tafkin Chadi. A shekarun 1960, in damina ta yi kyau, ambaliyar kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000.

A 1935 wani masanin tsirrai ɗan Ingila, Arthur Tansley, ya kafa ra'ayin da wannan fanni ya tsayu a kansa: ba za ka fahimci tsiro ko dabba ba in ka cire su daga ƙasa da ruwa da iskar da suke ciki, domin duka tsari ɗaya ne mai aiki tare. Bayansa, Raymond Lindeman ya auna wani ƙaramin tafki a Amurka, a 1942 ya nuna yadda ƙarfin rana ke shiga tsiro, ya wuce ga mai cin tsiro, ya wuce ga mai cin nama, yana raguwa a kowane hawa. Lissafin da ake koya wa ɗalibai shi ne kusan kashi ɗaya cikin goma ne ke tsallakewa zuwa hawa na gaba. Wannan ne dalilin da ya sa gansakuka da ciyawa suka fi ƙananan kifi yawa, ƙananan kifi suka fi giwan ruwa yawa. Ƙarfin rana wucewa yake yi, ba ya dawowa. Sinadaran ƙasa kuwa juyawa suke: lakar da kogi ya kwaso ta zama ciyawa, ciyawa ta shiga cikin saniya, kashin saniya ya koma fadama, ruwan baɗi ya narkar da shi ya ciyar da 'ya'yan karfasa.

Duk wannan yana cikin littattafanku. Abin da nake so mu daɗe a kansa shi ne na uku, wanda aka fi mantawa: lokaci. Rayuwar dausayi ba a kan yawan ruwa kaɗai take ba, a kan zuwansa da tafiyarsa take.

Ku dubi gaiwa. Idan fadama ta fara ƙafewa, sai ta nutsa cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zama mata kube, ta bar 'yar kafa ta shan iska. Haka za ta kwanta wata da watanni ƙarƙashin ƙasar da ta tsattsage, shanu na taka ta, har ruwa ya dawo. Duk yaron da ya tashi a bakin fadama ya san yadda ake tono ta. Jikin wannan halitta gaba ɗaya an gina shi ne a kan cewa ruwa zai tafi kuma zai dawo. Tarwaɗa ma haka: da sabon ruwa ya hau ciyawa take fita daga kwarin kogi ta saki ƙwai a inda ba zurfi, inda abinci ya yawaita kuma manyan kifi ba sa iya kutsawa.

Mutane ma a kan wannan agogo suka tsara rayuwarsu, Bade da Mangawa da Hausawa da Fulani. Manomi ya shuka shinkafa da ruwan sama, ambaliya ta zo ta ɗaga ta. Ruwa ya fara janyewa, masunci ya kafa gura a bakin mashigi, ya tare kifin da ke komawa kogi. Manomi ya sake bin sawun ruwan da wake da kuɓewa a kan danshin da ya bari, ba taki ba ban ruwa. Rani ya tsananta, Bafulatani ya iso da garkensa ya ci burgu da karmami, ya bar taki. Fili ɗaya, masu amfani uku, kowa da watansa. A hunturu kuma ga baƙin agwagin ruwa daga Turai, sun ƙetaro Sahara sun sauka a Dagona da Baturiya. Akwai kuma amfanin da ido ba ya gani: ruwan da ya kwanta a fadama yana tsiyaya ƙasa, shi ne ke cika rijiyoyin garuruwan da ko kogin ba sa hangowa.

Sai aka gina madatsun ruwa. Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, Challawa a 1992. Kada wani ya fita daga ɗakin nan ya ce na zagi waɗannan ayyuka. Wanda ya ga farin 1973 ba zai ga laifin shugaban da ya ce a tare ruwa ba. Kano tana sha daga nan, kuma tumatir da shinkafar Kura da Kadawa da Bunkure sun rufa wa dubban gidaje asiri. Haka kuma ba madatsa kaɗai ta rage ruwa ba. Ruwan sama kansa ya ja baya a shekarun 1970 da 1980. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma, alhali mafi yawan ruwansa daga Shari da Logone yake zuwa, ba daga wajenmu ba. A riƙa faɗin wannan, don kada a ɗora wa Tiga abin da ba nata ba.

Nata kuwa guda biyu ne. Ta rage tsayin ambaliyar damina, wannan kowa ya yi tsammani. Na biyun ne ba a hanga ba: ana sakin ruwa da rani don noman rani, sai kogin da ya saba ƙafewa ya koma mai gudana shekara zagaye. Da jin haka mutum zai ce ai alheri ne. To, ruwa ba ya tsami banza. Akwai wata ciyawa da bushewar rani ke taka wa birki tun fil azal, wato kacala. Tana son ruwa marar zurfi wanda ba ya tafiya. Da ta samu sai ta bazu ta saiwa da kuma irinta mai tashi a iska kamar auduga, ta fi mutum tsawo, ta yi cunkus ta yadda kwalekwale ba ya ratsawa. Ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta a gindinta, hanyar ruwa ta cike. Tsohuwar hanyar kogin Haɗeja ta toshe, ruwan ya karkata Marma, ya kwanta a kan gonakin yankin Guri da Nguru shekara da shekaru, na Gashuwa kuma suna jiran abin da bai iso ba. Wani ruwa ya ci gonarsa, wani ƙishirwa ta ci tasa, a kogi ɗaya.

Ba a nan ta tsaya ba. Kacala ta zama masauƙin jan baki. Duk wanda ya taɓa tsaron gonar shinkafa ya san abin da nake faɗi: igiya a ɗaure daga wannan kusurwa zuwa waccan, an rataya mata gwangwanaye da tsummoki, yaro a kan rumfa tun asuba yana ja yana ihu har muryarsa ta dushe, makaranta kuwa sai bayan girbi. Tsuntsayen su taso daga cikin kacala su rufe sama, su sauka, su tashi, zangarniya ta koma ƙaiƙayi. Ga sauro, ga katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Kuma ba mu kaɗai ba ne: bayan an gama madatsar Diama a bakin kogin Senegal a 1986, ita wannan ciyawar ce ta mamaye musu, har suka koma yin gawayi da ita.

Yanzu ga tambayar ladabi, wadda awo ba ya amsawa: ruwan nan na wa ne?

Masu lissafin tattalin arziki sun gwada tasu amsar. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da abokan aikinsa suka ƙididdige abin da dausayin ke bayarwa na noma da kifi da itacen wuta, suka kwatanta da aikin noman rani na kogin Kano. Suka tarar cewa in aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, na dausayin ya fi riba nesa ba kusa ba, ba a ma sa kiwo da ruwan rijiya a lissafin ba. Dalilin da ya sa ba a ganin wannan riba shi ne a warwatse take. Buhun tumatir ana ƙirga shi a bakin titin Zariya. Bandar kifin da wata tsohuwa ta sayar a kasuwar ƙauye ba ta shiga littafin kowa.

Akwai kuma tsohuwar muhawara. Garrett Hardin ya rubuta a 1968 cewa duk abin da jama'a suka yi tarayya a kai ƙarshensa lalacewa ne, don kowa zai kwashi iya ƙarfinsa. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ta bi makiyaya da masunta da manoman rani a ƙasashe da dama, ta nuna cewa inda mutane ke da dokar kansu da mai tsawatarwa, abin tarayya yana daɗewa. Ni ina bayan Ostrom, domin Sarkin Ruwan da ke hana su a wani gurbi sai ranar da aka ayyana, da burtalin da manomi ba ya shukawa, duk hujjojinta ne. Sai dai ikon Sarkin Ruwa bai kai ƙofar Tiga ba, kuma nan ne matsalar take.

Malamanmu na fiƙihu sun riga mu zuwa wannan gaɓa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yanke game da wasu kwaruruka biyu na Madina: na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. Ku lura, ba a hana na sama sha ba, shi ne ma ya fara. Amma an yi masa ma'auni, kuma sakin ba kyauta ba ce, haƙƙi ne. Ni a ganina a cikin "na ƙasa" har da waɗanda ba sa iya kai ƙara: kifi, tsuntsu, da jikokin da ba a haifa ba.

Takardu kam ba mu rasa ba. An kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. A 2000 tafkin Nguru da hanyar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa a jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. A 2006 jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato, suka amince a Damaturu da kafa asusun kula da wannan kwari. Masana kuma sun daɗe da faɗin maganin: a saki ruwa mai yawa da damina a kan lokaci sananne, a rage na rani har wasu hanyoyin su bushe, a yashe waɗanda suka cike. Yankan kacala da injin yana taimakawa, amma muddin ruwa na kwance za ta dawo. Ga kuma maganar madatsar Kafin Zaki a kan Jama'are, da ake tayarwa lokaci zuwa lokaci, alhali shi ne kogin da ya rage yana kai wa Yobe ambaliyarta yadda Allah ya tsara.

Roƙona ga hukumomi shi ne a riƙa sanar da jadawalin sakin ruwa a rediyo da Hausa da Kanuri da Fulatanci da Badanci tun kafin manomi ya zuba iri, kuma a ba masunta da makiyaya kujera a inda ake yanke shi. Iyayenmu sarakuna, ranku ya daɗe, burtali da ranakun hana su a hannunku suke, a taimaka a raya su. Ku kuma ɗalibai, masu neman abin da za ku rubuta kundi a kai, ku je Dagona ko Baturiya da ma'auni da littafi, ku zauna da tsofaffin masunta, ku rubuta watan da ruwa ke zuwa da watan da yake tafiya a kowace hanya. Wanda zai zauna a teburin rabon ruwa gobe da waɗannan alƙaluman zai yi gardama.